Sawun Kaza a Gindin Harsashi

Shekara arba'in Jumare yana ƙira a Kontagora, bai taɓa tsammanin ƙarfe zai ba da shaida a kansa ba.

An harbi wani mai doya a cinya ranar kasuwar Beri. 'Yan sanda suka tsinci kwanson harsashi, suka damƙe Japhet ɗan banga, don shi kaɗai aka gani da bindiga. Kwanansa goma sha tara a rufe, matarsa har ta daina kuka, ido kawai take zuba wa mutane. Bindigar kuwa ƙirar Jumare ce, shi ya sa aka kira shi.

Jami'ar binciken harsasai da aka turo daga Minna, Vivian, ta kafa na'urar ƙara girman abu mai ido biyu a kan tebur. Jumare ya ce a ransa, wannan 'yar da ko zuga-zugi ba ta taɓa ja ba, me ta sani?

"Baba, leƙa nan," in ji ta. "Kwanson hagu daga bindigar Japhet muka harba shi. Na dama na kasuwa ne. Allurar da ke bugun harsashi tana barin tambarinta, kowace da nata."

Ya leƙa. La'ilaha illallahu! Gindin kwanson da bai kai farce ba ya zama kamar faifai. Na hagu rami ne sumul. Na dama, a tsakiyar ramin, ga zane uku siri-siri, sawun kaza sak.

Sawun kazar nan gadon gidansu ne. Da bakin magagari ake yin sa, kuma ba a sa wa kayan sayarwa, sai abin da aka ƙera wa jinin gida. A kan allura sau ɗaya tak ya taɓa yin sa, don ƙwalisa, a inda ya tabbata ido ba zai kai ba. Wuƙa ce ya ƙera wa ɗansa Nuru lokacin da hanyar Bangi ta ɓaci da 'yan fashi, ya ɓoye bututun bindiga a cikin ƙotarta, harsashi ɗaya take ci. Wa zai kula da wuƙa a kasuwa? Kowa da tasa a ƙugu.

"Ba bindigar Japhet ba ce," in ji Vivian. "Amma manya sun ce ƙila yana da wata. Ba za a sake shi ba sai an ga wadda ta yi wannan zanen. Ka san irinta, Baba?"

Ba wanda ya sani duk duniya sai shi. Ya sake leƙawa, ya daɗe. Layukan sun fita tsaf, ko karkacewa babu, aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Tsoron Allah ya kama shi, ga kuma tausayin ɗansa.

Ya ɗago, ya goge ido da hularsa.

"'Yata, ba bindiga za ku nema ba, wuƙa ce. Ku saki Japhet. Zo in kai ki gidana."