Kaset Ɗin Kawu Maigandi

A shekarun da kuɗin fetur ya sa kowane mai shayi ya ɗora rikoda a teburinsa, Illo yana da shagon kaset a Ƙofar Kware. Shi ke yawon ɗauko muryar mawaƙa da malamai, abokinsa Irmiya kuwa, mutumin Zuru mai gyaran rediyo, shi ke kula da injuna. Da fari ɗai-ɗai suke kwafa, har Irmiya ya gaji ya jera rikodoji a kan katako ya haɗa su da waya. A sa uwar kaset, wadda za a kwafa daga gare ta, a ta farko, a danna, sauran duk su ɗauka tare. In ta ƙare ta koma baya da kanta, ƙararrawar keke ta kaɗa, sai a cire a manna suna, a liƙe leda da kyandir, a jera a kwali. Illo har mutane yake kira su zo su ga ma'aikacin da ba ya cin tuwo.

Doka ɗaya Irmiya ya kafa: kaset ɗin da ya fara fitowa, sai wani ya zauna ya saurare shi gaba da baya kafin a taɓa kwali. Ɗanɗano yake kiran abin, wai ko tsohuwar mai tuwo tana lasar miyarta. Illo ya tsani zaman nan. Yakan ce inji ba ya kuskure, mutum ne mai gyangyaɗi.

Yana da kawu a Runjin Sambo, Malam Maigandi, yayan mahaifiyarsa, wanda ke shimfiɗa buzu a ƙofar gida kowace Alhamis bayan la'asar ya rera waƙoƙin wa'azi. Abin da aka san shi da shi ke nan: bai taɓa duba takarda ba. Illo ya yi ta naci har tsohon ya yarda a ɗauki muryarsa a zaure, su biyu kaɗai. Ana tsakiyar gefe na biyu ya tsaya. Ya maimaita baitin baya, ya sake tsayawa, ya daɗe.

"Illo, kashe abin ga," ya ce. "Kaina ya hwara yoyo. Ko ɗiyata Zainaba ba ta sani ba. Ka share wurin ga, kak kowa ya ji."

Illo ya rantse kafin hannunsa ya kai ga rikodar. Ya kuma yi niyyar cikawa, don da ya koma shago ya fitar da sabuwar uwa wadda ya tsallake wurin, ya ja mata jan layi. Sai dai a kan gidan kaset ɗin ya ja layin, ba a jikinsa ba, kuma a garin gwaji ya cire ya mayar, ya cire ya mayar.

Ranar Lahadi da hantsi, Irmiya yana coci, direban Gusau ya tsaya a bakin shago yana matsa odar motarsa, ga 'yan kasuwar Illela suna jira. Illo ya zaro abin da ke cikin gida mai jan layi ya sa a inji. Ya saurari bismilla da baitin farko, ya ji murya tas, ya ce ɗanɗano ya isa haka. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, shi yana liƙe leda yana waƙa, kafin azahar ba kwali ko ɗaya a shagon.

A tasha ya ji, bayan kwanaki, a teburin wani mai shayi. Muryar kawunsa ta tsaya cak, 'yan kamasho suka yi tsit suna jira. Sai maganar yoyon kai, sai sunan Zainaba, sai muryar Illo kansa tana cewa wallahi Kawu ba mai ji. Wani ya ce Allah sarki tsoho. Wani ya tambaya wane ne Illon nan marar amana. Illo ya ajiye kofinsa a hankali ya bi ta bayan motoci.

Ya so ya bi kasuwanni ya karɓo kaset ɗin, Irmiya ya ce ya huta, don kowa ya riga ya kwafa wa maƙwabcinsa. "Ka ce inji ba ya kuskure," in ji shi. "Bai yi ba kuwa. Abin da ka ba shi, shi ya raba wa jama'a."

Ran Alhamis Illo ya tafi Runjin Sambo ya raɓe a bayan taro. Bai taɓa ganin jama'a haka a ƙofar gidan ba, kuma ba wanda ya zo dariya. Da dariyar suka yi ma da ya fi sauƙi. Duk inda tsohon ya ja numfashi, sai wani ya jefo masa baitin gaba cikin tausayi, har da waɗanda shi ya raɗa wa suna tun suna jarirai. Ya yi haƙuri sau da yawa, sannan ya yi salati a tsakiyar waƙa, ya dafa bango ya shige.

Illo ya bi shi zaure ya tsuguna. Zainaba tana tsaye a bakin ƙofar ciki, idonta jawur, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Ɗan ƙanwata," in ji tsohon, "injin nan naka, shina mantuwa?"

"Ba shi yi, Kawu."

"To su tai su saurare shi."

Ya juya ya ce wa Zainaba ta ɗauko masa buzunsa daga waje, ta kai ɗaki ta rataye. Ta wuce ta gefen Illo da buzun a naɗe, shi kuwa idonsa na kan ƙasa, yana jin jama'a a waje suna tambayar juna ko Malam zai sake fitowa.