Kaska a Kwalbar Asbirin

"To ki faɗa mini inda kika kai ta," in ji Mati.

"Na faɗa maka. Wuta."

"Wace wuta?"

"Wuta nawa gare mu a gidan nan?" Iya ba ta ɗago kai ba. Tana shimfiɗa ƙullun kisra, siririyar wainar dawa, a kan baƙin ƙarfe, tana ɓare shi da yatsa. "Abin da ya sha jininka ba a kwana da shi ɗaki. Haka na taras. Ko farce ba a yar da shi ko'ina, balle jini. In wani ya ɗauka ya kai inda za a yi maka aiki fa?"

Mati yana zaune a bakin angarib, gadon igiya, da kwalbar asbirin a tafin hannunsa, wayam. Kusan mako uku kaskar ta yi a cikinta. Shi ya cire ta da kansa daga bayan gwiwa, ta ƙoshi har ta yi kamar ƙwayar wake, kuma sai da ya yi gumi kafin karkatattun yatsunsa su iya kama ta.

"Wa zai yi mini asiri, Iya? Mi ya rage a jikin nan da za a lalata?"

"Kar ka yi wa Allah butulci."

"Hakim na asibiti zan kai wa."

"Hakim ya rasa abin gani sai kaska? Je ka garke ka ɗebo masa mudu guda."

"Ba su suka cije ni ba."

Iya ta ce halas, magana ta ƙare, ta juya masa baya. Sakina, matarsa, tana tankaɗe a gindin zana, ba ta sa baki ba. Ta daɗe da daina shiga tsakanin uwa da ɗa.

Shekara tara ke nan da ciwon gaɓɓai ya kama Mati. Ya san shi kamar yadda ake sanin mugun maƙwabci. Da asuba yake zuwa, ya ƙulle yatsu da gwiwoyi, sai rana ta ɗaga ya saki kaɗan. An yi masa sakiya, an yi ƙaho, an sha rubutu. A ƙarshe asbirin ne ya zauna, shida a yini, da shi yake iya riƙe fartanya a hawasharsa, gonarsa ta auduga.

Wannan sabon kuwa ba haka yake ba. Bayan an gama tsinkar auduga, shanun makiyayan Dinder suka shigo gonaki cin kara, kamar kowace shekara. Ran nan Mati ya kishingiɗa a inuwar da suke kwanciya, don ƙafa ta ƙi kai shi gida. Mako guda bayan haka sanyi ya kada shi da tsakar rana, kai ya yi kamar zai rabe, in asbirin ya danne zafin sai ya sake tasowa. Kwana uku, sai gumi ya karyo, ya tashi garau. Kowa ya ce sauro ne, ya sha maganin sauro. Bayan kwana bakwai abin ya dawo, kamar wanda ya manta sandarsa.

Iya ta ce tsohon ciwon ne ya hau kai. Liman ma haka ya ce. Duk wanda ya zo dubiya, hannun yake kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa ke tambayar mai ɗaki? Kaskar ce kaɗai shaidarsa.

Ran Alhamis Sakina ta aro keken jaki, ta kora shi da kanta har shafahana, ƙaramin asibitin da ke bakin babbar tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Tafiyar sa'a biyu ce. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya, jikinsa sanyi ƙalau, har ya ji kunyar kansa a cikin layin mata masu goyo.

Hakim dattijo ne, Balarabe, gilashinsa ɗaure da zare. Yana ganin Mati ya miƙa hannu wajen kwalin asbirin.

"Rumatizim," ya ce. "Kef, ya Mati, ya jiki? Sun ƙare?"

"Ba shi ya kawo ni ba."

"Nuna hannun."

"Hannun na nan yadda ka san shi. Ka bar hannun."

Hakim ya dube shi ta saman gilashi. Mati ya faɗa masa komai da Larabci, a taƙaice: shanu, inuwa, bayan gwiwa, kwana uku, kwana bakwai, kwana uku. Ya naɗe wando ya nuna tabon, ɗan baƙi kamar ƙunar taba.

"Ina kaskar?"

Mati ya sauke ƙafar wandonsa.

"Tsohuwa ta ƙone ta," in ji Sakina daga bakin ƙofa.

Hakim ya yi 'yar dariya. "Uwata ma da haka za ta yi. Ma'alesh, ba komai. Ko ka kawo ta, kallonta kawai zan yi, ni da ita ba mu san juna ba." Ya zauna, ya cire gilashin ya murza ido. "Mai yiwuwa naka na dā ne, yana kawo zafin jiki. Mai yiwuwa sauro ne ya ƙi magani. Akwai kuma wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, kwarkwata na kawo shi, an ce kaska ma. In shi ne, yana da magani. In aka bar shi, yakan ci mutum."

"To ka ba ni maganin."

"Ba ni da shi. Ko ina da shi, ba na ba ka a makance, da jikin nan naka. Sai an duba jini a madubin ganin ƙwayoyin cuta, madubin kuwa yana babban asibitin Hasahisa. Kuma sai jikinka na ci da wuta za a ɗiba. In ya sauka, ɓuya yake, ba su ganin komai."

"Lori Asabar da Talata kawai yake bi ta garinmu."

"Na sani."

"Zazzaɓin bai san Talata ba."

"Sai ka je can ka jira shi. Ka sami inda za ka kwanta kusa da asibitin." Hakim ya ɗora hannu a kan kwalin asbirin, bai buɗe ba. "Kuma wannan ka ajiye shi tukuna. Yana danne zafi. Ka je da jiki ɗumi-ɗumi, su ce rumatizim, su sallame ka."

Mati ya dubi yatsunsa. Ya taɓa yin kwana biyu babu asbirin, lokacin da ruwa ya yanke hanya. Sakina ce ta riƙa ɗaura masa wando, ita ta kai shi bayan gida.

"Kwana nawa?"

"Yadda ka ƙidaya, biyar. Ko shida. Ko bai zo ba sam, Allah ya sa."

A hanyar komawa jakin ya ƙi sauri, Sakina ba ta matsa masa ba. Hayaƙi ya tashi ko'ina a gonaki. Lokacin tuge karan auduga ne a ƙone shi, don kada cuta ta kwana a ƙasa, kuma mufattish, mai duba gonaki, ya sa wa'adi ƙarshen wata. Na kowa ya kusa ƙarewa. Hawashar Mati tana tsaye cif, ko rabi ba a tuge ba. Ya kau da kai.

"Akwai Hannatu a Hasahisa," in ji Sakina. "'Yar kawuna. Mijinta ba ya da hayaniya."

"Ɗakinsu ɗaya."

"Akwai rumfa."

"Karan fa?"

"Ni da Iya."

"Iya?" Ya yi tsaki marar ƙarfi. "Ita sai dai ƙonawa."

Sakina ta danne dariya da gefen mayafi, dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu. Suka bi gefen tur'a. Ruwan ya ja baya, laka ta tsattsage, wasu balbelu suna tsaye a ciki kamar masu jiran lori. Gwiwarsa ta fara zugi, lokacin ƙwayar la'asar ya yi. Ya sa hannu aljihu ya taɓa ƙullin takardar da ya zo da ita, sauran huɗu. Ya bar hannun a ciki, bai fito da su ba, bai kuma saki ba.

"In kin zauna wajen kara, wa zai ɗaga ni can da safe?"

"Sai in bi ka."

"In kin bi ni, wa zai tuge?"

Ta buga wa jakin sanda a hankali. Ƙafar keken ta faɗa rami, ciwon ya harba masa har ƙeya, ya rufe ido sai da ya wuce. Da ya buɗe, rufin gidajen garinsu ya fara bayyana ta cikin hayaƙi.

"Sakina."

"Na'am, Malam."

"In na je na kwanta a rumfar mutane kwana shida, babu magani, sannan bai zo ba fa?"