Man Shanun Inna Dado

"Ajiye nan, Raishatu," in ji Dokta, ya nuna gefen tabarma da haɓa, don hannunsa na dafe da ƙirji.

Na dire ƙoƙon man shanun, na tsaya ina kallonsa. Daga ɗakinsa zuwa zaure kawai ya tako, amma yana haki kamar wanda ya ja guga a rijiyar Tarka mai zurfi.

"Yau ma ta aiko?"

"Yau ma. Ta ce a kai wa wancan."

Wancan shi ne shi. Dokta Abdulƙadir ɗan farin Inna Dado ne, kuma a gidansu na makiyaya uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake, balle ta dube shi ido cikin ido. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu tsauri. Tun da matarsa ta rasu ya ajiye aiki a Yamai ya dawo Tanout, ya gina ɗaki jikin gidan tsohuwar, katanga ɗaya tsakaninsu, ni na zama hanya. Gidana na kallon ƙofofinsu biyu. In tana da magana ta kira ni, in yana da amsa ya kira ni. Da ciwon gwiwata da komai, haka nake safa da marwa.

Ya sa ɗan yatsa ya lakato man, ya kai baki.

"Oh ni Raishatu! Kai da ka hana rabin unguwar nan cin mai?"

Ya yi murmushi. "Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce mini sannu ba. Wannan shi ne sannunta. In mayar mata?"

Na gyara mayafi.

Mutumin nan a kan abu guda ya ƙarar da ƙuruciyarsa: kitsen da ke yawo cikin jinin ɗan Adam. Ya yi karatu a Faransa, ya koyar a Yamai, duk rani kuma sai ya zo ya bi mashekarin makiyaya daga Gangara har Belbédji yana ɗibar jini a ƴan kwalabe. Ya taɓa yi mini bayani: "Kin ga yadda man shanu ke daskarewa a bakin ƙoƙo da sanyin safe? Haka yake taruwa a hanyoyin jini har ya toshe ta zuciya." Ba son karatu ne kaɗai ya kai shi ba. Ubansu Barmo a bakin rijiya ya faɗi yana shayar da shanu, ko furfura bai yi ba. Ƙanen Dokta, Mukhtar, a kasuwar dabbobi ya faɗi, da igiyar bijimi a hannunsa. "Mu ba shanu kaɗai muke gada ba," in ji Dokta. Shi ma abin na jikinsa, magani ne ya ja shi har ya haura sittin.

Ran nan ya ce mini, "Kin sake yi mata maganar Zuhaira?"

Zuhaira ƴar marigayi Mukhtar ce, ita kaɗai ya bari, Inna Dado ke riƙon ta. Da ƙaramar salla ana ƙunsa mata lalle Dokta ya hango wani ƙulli a agararta, sama da dunduniya, irin wanda ke ƙafarsa, irin wanda ke ƙafar ubanta. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. So yake a kai ta asibiti a Damagaram a auna jininta. In abin ne, a fara mata magani tun tana ƙarama, ta tsufa kamar kowa.

Na shiga wajen tsohuwar, na same ta tana kaɗa nono.

"Kitse a jini?" Ta ja tsaki. "Shekarar fari, saniya mai kitse ce ta ga damina, ramammun duk a hanya muka bar su. Yau kitse ne ya zama cuta? Ya ɗebi jinin ƙanensa a kwalba, damina ba ta zagayo ba muka binne shi. Ki gaya wa wancan, yarinyar nan ba mai huda ta."

"Haba Inna, ai ba kwalbar ce ta kashe Mukhtar ba."

"Ke kika haife shi?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma wa zai ja da uwar da ta binne miji da ɗa? Na kawo masa amsar yadda take, ban rage ba.

Washegari da hantsi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya dogara sanda, ya zagaya ta ƙofarta, ni ina biye ina "Dokta, a hankali." Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ɗakinta, fuskarsa na kallon bango.

"Inna."

Ta juya masa baya. "Raishatu, ki ce wa wancan ya tashi, ƙasa da zafi."

"Inna, Baba ya tafi ina yaro, ban san komai ba. Mukhtar na gano, na ba shi magani, ya bi shanu arewa ya bar shi a ɗaki. Ni ma tafiyata ta kusa, na fi kowa sani. Na auna ƴaƴan mutane ba iyaka, wasu yanzu har da jikokinsu. Na gidanmu ko ɗaya ban tsirar ba. Wannan guda ki bar mini ita."

Kaɗa nonon ya tsaya. Can ta ce, "Ki ce masa na ji."

Shi ke nan. Ba i, ba a'a. Da ƙyar na tayar da shi. A hanya ya ce mini, "In ta yarda ba na nan, ki nemi Dokta Ummu a asibitin. Ɗalibata ce." Na ce masa ya daina wannan bakin, shi zai kai ta da ƙafarsa.

Ranar Juma'a na shigo da ƙoƙon kamar kullum. Yana zaune a zaure, ya jingina da bango, tabarau a cinya, shayinsa ya huce. Na yi sallama, shiru. Na ce, "Dokta, sannunka ta iso." Shiru. Da na taɓa hannunsa sai ƙoƙon ya suɓuce mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Inna Dado ba ta yi kuka ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta zauna a tabarma, ana ta gaisuwa, tana "Sai haƙuri, sai haƙuri." Ni kuwa ko kallonta ba na son yi, Allah ya sani.

Bayan sadakar uku, ina shara, sai ga ta a ƙofata da sanda, Zuhaira na bayanta da kayan salla.

"Ɗauko mayafinki. Ban san hanya ba."

Duk tsawon hanyar Damagaram ƙafar yarinyar na kan cinyarta, tana shafa ƙullin da babban yatsa.

Dokta Ummu ta duba ƙafar, ta ɗago da sauri. "Wa ya turo ku, Inna?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji hannun tsohuwar ya danne mini gwiwa.

"Ɗana ne," ta ce. "Abdulƙadir."

Sunan ya fito a karkace, kamar ba bakinta ba. Ta sake faɗi a hankali, "Abdulƙadir," sai hawaye suka ɓalle. Likitar ta cire tabarau ta juya mana baya. Da aka zo ɗibar jinin, Inna Dado da kanta ta riƙe hannun Zuhaira.

Abin ne kuwa. Aka ba yarinyar magani, aka ce mu riƙa dawowa. Shi da ya fi kowa son jin wannan labari, ba mu da inda za mu kai masa.

Kashegarin dawowarmu na ji Inna Dado ta ƙwala mini kira da safe, "Raishatu!" Na shiga, na tarar ta cika ƙoƙon, ta miƙo mini. Muka tsaya muna kallon juna. Sannu a hankali ta janye hannunta, ta ɗora shi a kan katangar da ke tsakanin gidajen biyu, ta koma ɗaki.

Har azahar yana nan. Rana ta narkar da man, ya bi jikin katangar ta gefen zaurensa.