Matakalar Farfesa Hainzinger

Farfesa Leopold Hainzinger ne ya zana gidanmu bayan yaƙin duniya, lokacin da rabin unguwarmu a Vienna ɓaraguzai ne. Daga baya ya zana makarantu da coci, ya koyar a jami'a har ya yi furfura, amma in ana yabonsa, matakalar gidanmu ake nufi. Murɗawa take kamar katantanwa, tsakiyarta fili, haske na saukowa daga gilashin rufi har ƙasa. Ɗalibai kan cika mana zaure da kyamarori, mu kuwa muna ratsa su da kwandon dankali.

Shi da matarsa Hermine a hawan ƙarshe suke. Da ta karye a ƙugu, sauka ta gagare ta. Ni maƙwabciyarsu ce, ina kai mata burodi, kullum in tarar da ita a bakin taga. Burinta ɗaya, ta sake zama da ƙawayenta a shagon gahawa na bakin titi.

Mu 'yan haya muka nemi a sa lif, na'urar nan mai hawa da sauka da mutane a bene. Ba inda zai shiga sai filin nan na tsakiyar matakala, hukumar gidaje kuwa ta ce sai da yardar mai zanen.

"Poldi, sa musu hannu mana," in ji Hermine ga mijinta, a gabana. "Ko kuwa da matakalar aka ɗaura maka aure?"

"Ban ƙi ba, Mina. Amma ba za su dasa min gwangwani a cikin haske ba. Ni zan zana da kaina."

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙafar uwargida fa ba ta jiran fensir."

Ya kuwa zauna zanen. Yana son matarsa, ni shaida ce, shi yake dafa mata abinci, shi yake taje mata kai. Amma hali zanen dutse. Duk wanda ya zana sai ya ga ya tare haske, ya yaga ya sake. Hunturu ya shigo yana nan yana yagawa. Haushi ya sa har gaisuwa na daina yi masa.

Hermine ta rasu kafin ƙanƙara ta narke.

Ranar da ma'aikatan jana'iza suka zo ɗaukarta, kowa ya tsaya a ƙofarsa. A yawancin benayen garin nan sai an karkata akwati a kwana, har ya gogi bango. Nata ya sauko sumul. Da suka iso ƙasa, babbansu ya share gumi ya dubi Farfesa, bai san ko wane ne ba.

"Sannu da rashi, yallaɓai. Amma gaskiya wanda ya zana matakalar nan ya iya aiki. Sauko da mutum a nan ba wuya."

Farfesa ya cire hula, ya ce, "Na gode."

Sannan ya bi bayan akwatin zuwa titi, suka wuce ta gaban shagon gahawa.