Koma Mataki na Ɗaya

Kwamfuta shida wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu ta firamare da ke Laranto a watan Satumba na 2005, kuma ni aka ba darasin kwamfuta a aji shida. Shekara guda cur na yi ina koyarwa, ɗalibaina ko da yatsa ba su taɓa na'urar ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hedimasta, Oga Sylvanus, ya jera su a ɗaki, ya lulluɓe da leda, ya garƙame ƙofa, ya jefa makullin a aljihun kwat. Hujjarsa guda ce: ba a ƙaddamar da kayan ba. Sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, an yi jawabi, an ɗauki hoto, sannan hannun yaro zai hau kansu. Baƙon kuwa kullum yana hanya.

Da na ga zaman jira ba zai kai mu ko'ina ba, sai na bi shagunan Gangare na roƙo kwalayen taliya, na zana madannan kwamfuta a kai, kowane yaro da nasa. Na koya musu cewa na'ura ba ta da wayo, abin da aka gaya mata kawai take yi, mataki bayan mataki. Nakan mai da Pam, dogon ajin, kwamfuta, sauran su ba shi umarnin suyar dankali. Ranar da suka manta ba su ce ya fere ba, ya antaya shi da ɓawonsa a kaskon ƙarya, aji ya kwashe da dariya. Na kuma ja musu kunne cewa duk umarnin da ke komawa baya sai an yi masa mafita, in ba haka ba na'ura za ta yi ta zagaye har abada.

Amatullahi, 'yar wani tela, ta fi kowa naci. Sau biyu ina sake zana mata haruffa saboda yatsunta sun goge su. Burinta bai taka kara ya karya ba: ta buga sunanta ta ga ya fito a fuskar kwamfuta kafin ta bar firamare.

Saura mako uku su gama na shiga ofishin hedimasta ba sallama. Na ce awa ɗaya kawai nake roƙo, ni zan tsaya a kansu. Ya ɗago a hankali ya gyara tabarau.

"Malama Hasiya, in yaro ya lalata ɗaya kafin baƙo ya zo, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce yaran nan talatin da takwas su ma suna da ido, kuma shekara guda suna kallon ƙofa. Ya ce in fita in koyi ladabi.

Baƙon ya zo ana gobe hutu. Aka yi shara, aka yaye leda, aka zaɓi yara shida masu tsaftar kaya aka zaunar gaban na'urorin, har da Amatullahi. Ko wuta ba a jona ba. Hedimasta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu su yi murmushi, kada wanda ya taɓa komai. Ina kallon yatsun Amatullahi sun jeru a iska, daidai inda na koya mata, ba su sauka ba. Aka yanke ƙyalle, aka tafa, aka ɗauki hoto. Motar baƙo na fita hedimasta ya mayar wa ƙofar kwaɗo, wai sai sabon zango. Sabon zango na wa? Yarana sun gama.

Washegari na zauna duba aikinsu na ƙarshe, wanda na ce kowa ya rubuto matakan wani aiki da ya sani. Ga abin da Amatullahi ta rubuta:

Yadda ake shiga ɗakin kwamfuta. Ɗaya, je wurin hedimasta. Biyu, roƙi makulli. Uku, idan ya ce a jira, jira. Huɗu, koma mataki na ɗaya.

A dokar da ni da kaina na kafa, aikin da ba shi da mafita kuskure ne. Na daɗe riƙe da jan biro ina neman inda zan saka mata mafitar, ban samu ba. Na ba ta goma bisa goma, na kifa kaina a kan tebur.