Ranar da Zarto Ya Yi Shiru

Ranar da kafinta ya ja ƙofar shagonsa ya danna mata kwaɗo don hutun ƙarshen shekara, Malama tana leƙe ta taga, har da tafa hannu ta yi. Ta ce, "A sauka lafiya, kar a dawo da wuri."

Ba laifinta ba ne. Ɗakin da suke haya ita da mijinta a saman shagon yake daidai, kuma tsohon nan yana da wani injin zarto wanda idan ya kunna shi har cokali sai ya yi rawa a cikin kofi. Ita ga ta malamar firamare, ta wuni yara suna cika mata kunne, ta dawo gida zarto ya karɓa. Sun yi faɗa ya fi a ƙirga. Da cikinta ya tsufa kuwa abin ya ƙaru, don da zarar zarton ya fara kuka, ɗan da ke cikinta sai ya hau shuri kamar an ce masa tashi. Ta taɓa sauka ta tsaya a bakin shagon, hannu a ƙugu, ta ce, "Kai da injin nan naka kun hana ni sakat, kun hana na cikina ma barci!" Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "To Malama, a gaishe min da shi, ashe yana son sana'a." Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba.

To ga shi an rufe shago, an rufe makaranta, maƙwabta duk sun ɗaure kaya sun tafi ganin dangi. Mijinta direban doguwar mota ne, kuma wannan ne lokacin da ba ya sauka daga kujera, kowa so yake a kai shi gida kafin shekara ta ƙare. Gidan ya yi tsit. Malama ta yi barci, ta tashi, ta sake komawa, ta ce ashe haka masu sa'a suke rayuwa.

Wata safiya cikin hutun tana zaune tana juya shayi, cokalin ya tsaya a hannunta. Yaushe rabon da ta ji motsi? Ta lalubi jiya a ranta. Da yamma? A'a. Da rana? Ba ta tuna ba. Ta ajiye kofin ta dafa cikinta da hannu biyu.

"Ɗan Ƙwallo," ta ce. Sunan da ubansa ya laƙaba masa ke nan saboda shuri. "Kai, bana son wasa fa."

Shiru.

Ta sha ruwan sanyi har haƙoranta suka ɗauka. Ta kwanta ta gefen hagu kamar yadda aka koya musu a wajen awo. Ta lashi sukari. Ta ɗan danna nan, ta danna can, wajen da diddigensa ya saba tokare ta. Cikin yana nan da nauyinsa, da ɗuminsa, amma babu wanda ya amsa. Nan tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Don ba yau ta fara jin irin wannan shirun ba. Bara waccan ta ɗauki ciki har ya kai kamar wannan, wata rana ya yi shiru, ta ce barci yake, ta ci gaba da wankinta. Da ta je asibiti, likita ya daɗe yana kallon na'ura bai kalle ta ba. A lokacin mijinta har ya ba kafinta aikin gadon jariri. Gadon yana nan har yau a rataye a jikin rufin shagon daga ciki, ƙafa uku gare shi, ƙura ta rufe shi. Kullum ta wuce sai ta kawar da kai. In za a faɗi gaskiya, rabin haushin da take ji na tsohon nan ba na zarto ba ne.

Ta kira mijinta, wayar ta ce ba a samunsa. Ta sake kira, haka dai. Ta kira yayarta, aka ɗauka cikin hayaniyar tasha, "Wa? Ba na ji! Muna shiga mota, zan kira ki in mun sauka!" Malama ta zura takalmi, ƙafa ɗaya nata ɗaya na mijinta, ba ta ma lura ba sai a titi.

Ƙaramin asibitin da take zuwa awo yana bayan kasuwa. Kasuwar ta cika ta batse, an rataya ƙananan fitilu masu kala a bakin shaguna, kowane mai shago ya ƙure lasifikarsa yana kiran a zo a kwashi rangwame. Mutane na dariya, suna ture ta da ledoji. Ta tsaya daf da wata lasifika da gangan, har ƙirjinta yana amsawa, ta jira. Ko alamar motsi babu.

A asibitin nas ɗaya ta tarar, wata doguwar mata da ta gaji har idonta ya faɗa.

"Likita fa?"

"Ya yi tafiya, sai sabuwar shekara."

"Mai hoton ciki?"

"Tare suka tafi, kuma makullin ɗakin yana aljihunsa. Hau nan ki kwanta, 'yar'uwa."

Nas ta ɗauko 'yar na'urar jin bugun zuciya, ta danna, ta bubbuga ta a tafin hannu, ta ja tsaki. Batir ya mutu. Ta buɗe durowa ta zaro wani abu kamar mazurarin ƙarfe, ta kafa shi a kan cikin Malama ta ɗora kunne. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa. Kiɗan kasuwa yana shigowa ta taga kamar a cikin ɗakin ake yi. Malama ta ƙura wa fuskar matar ido, don ta san irin fuskar da ma'aikatan asibiti suke yi in labari ba daɗi.

Nas ta ɗago ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ina jin wani abu, amma ban sani ba ko nasa ne ko naki ne, zuciyarki gudu take kamar me. Ki tafi babban asibiti yanzu-yanzu, can hayin gada. Ki biya gida ki ɗauki jakarki, don ƙila su riƙe ki. Kar ki ce sai gobe."

Kar ta ce sai gobe! Ita za a gaya wa?

Sai dai fa ina motar? Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu, kowace tasi ta zo a cike, har da akwatuna a saman rufi. Wani ya rage gudu, da ya ji ta ce hayin gada sai ya girgiza kai, wai cunkoson da ke can ko ubansa ne ba zai kai ba. Ta bi shi da harara, ba ta da ƙarfin zagi. Haka ta ja ƙafa ta nufi gida, tana tafe tana magana ƙasa-ƙasa. "Don Allah ka yi haƙuri. Duk faɗan da na yi maka ban kai shi zuci ba. Ka shure ni, ka karya min haƙarƙari ma, na yarda."

Tana shawo kwanar layinsu ta hango tsohuwar a-kori-kurar kafinta a ƙofar gida. Ƙofar shagon a buɗe rabi, shi kuma yana fitowa da benci a kafaɗa. Ashe baƙi ne suka cika masa gida, matarsa ta koro shi ya kwaso abin zama.

A ce duk faɗin garin nan shi kaɗai ya rage! Malama ta matsa kusa da shi ta ce, "Baba."

Kafinta ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani take. Tunda suke ba ta taɓa kiransa haka ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi takalman ƙafarta, sai ya sauke bencin a hankali.

"Malama, lafiya?"

"Baba, ka taimake ni ka kai ni babban asibiti. Ya daina motsi."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba." Sai kuka ya ƙwace mata. "Wallahi ban sani ba, barci nake ta yi."

Bai tsaya wata tambaya ba. Ya karɓi makullinta ya hau benen da kansa, yana nishi, ya sauko da jakar da ta kwatanta masa a bayan ƙofa, ya jefa gaban mota. Har ya buɗe mata ƙofa sai ya tsaya, hannunsa a kan murfin.

"Ba shi ne kika ce zartona yana hana shi barci ba?"

Ta gyaɗa kai.

"Tunda na rufe shagon nan, akwai wanda ya tashe shi?"

Ta gane inda ya dosa. Ya kama bencin ya shigar da shi ciki, ya ajiye daf da injin, ya ce ta zauna, ba zai ɗauki lokaci ba. Ta shiga ta zauna. Ƙamshin katako ya cika mata hanci. Ba ta ɗaga kai ba, ta san abin da ke rataye a sama.

Ya kai hannu kan makunni, ta yi wuf ta riƙe masa hannun riga.

"Kar ka kunna."

"Haba Malama."

"Baba, kar ka kunna! Yanzu ina iya cewa barci yake. In ka kunna bai motsa ba, me zan ce kuma?"

Tsohon ya janye hannu daga makunnin. Shi ma idonsa ya kaɗa. Can ya ce, "Ko ya motsa ko bai motsa ba, asibiti za mu, kuma ni zan kai ki har gaban likita. Amma hanyar nan da cunkoso, za mu daɗe. Ba na so ki zauna a motata kina mutuwa kaɗan-kaɗan in akwai abin da za mu iya ji tun yanzu."

Ta daɗe riƙe da rigar. Daga baya ta saki, ta mayar da hannayen kan cikinta, ta runtse ido.

Ya danna. Ƙas. Babu abin da ya faru.

Malama ta ji kamar ranta zai fita. Kafinta ya dafe goshi ya ce, "Kai, tsufa! Ni na kashe babban makunni da zan tafi." Ya ruga bayan ƙofa, ta ji ya ɗaga wani ƙarfe, ya dawo ya sake dannawa.

Zarto ya ɗauka. Ƙarar ta cika shagon, ta bi ta ƙasa ta hau bencin, ta shiga ƙashin bayanta. Ta jira. Ta danne numfashi ta jira. Babu komai. Hawaye suka fara bin kumatunta, ta buɗe baki za ta ce ya kashe ya isa haka.

"Tsaya!" ya ɗaga murya. "Ai bai fara cin katako ba tukuna!"

Ya fizgo wani guntun katako ya tura a bakin zarton. Nan injin ya kurma wannan ihun da ta tsana, ihun da ya sa ta sha toshe kunne da matashi, garin katako ya yi sama ya zubo mata a ka.

Sai ta ji shi. Can ƙasan haƙarƙarinta na dama, ɗan abu kaɗan, kamar an taɓa ta da yatsa. Ba ta yarda ba, ta ce jikinta ne yake rawa. Sai ga na biyu, tim, diddige sosai, har tafin hannunta ya ɗaga.

"Baba!" ta ƙwala. "Baba, ƙara! Ƙara masa!"

Kafinta ya dube ta, baki buɗe, ya jawo wani katakon ya tura. Ɗan Ƙwallo ya shiga zuba shuri, hagu da dama, irin na wanda aka tasa yana tsakiyar barci yake jin haushi. Malama tana kuka tana dariya tana ce masa, "Ɗan banza! Mugu! Haka ake yi wa uwa?" Tsohon kuwa ya yanka katako mai kyau gutsi-gutsi bai ko sani ba, yana sharar ido da bayan hannu yana cewa ƙura ce.

Da ya kashe injin, kunnuwanta suka ci gaba da ƙugi. Tsoron bai tafi duka ba, yana nan a maƙale, don ta san shuri ba shi ne haihuwa ba, kuma nas ta ce kar ta ce sai gobe. Ta miƙe tana kakkaɓe garin katako daga ɗankwalinta.

"Mu tafi," in ji kafinta. "Baƙina su zauna a ƙasa."

A bakin ƙofa ta tsaya. A karo na farko tun bara waccan ta ɗaga kai ta kalli gadon nan mai ƙafa uku. Ya fi yadda take tunawa ƙanƙanta. Kafinta ya bi idonta da kallo, sai ya sunkuyar da kai yana laluben kwaɗo.

"Na so in sauke shi tuntuni," ya ce. "Na rasa yadda zan yi in wargaza."

"Akwai sauran katakon ƙafar?"

"Yana nan, na ajiye."

Wani shurin ya sake tokare ta, ta dafe wurin da sauri.

"Kar ka taɓa shi yanzu, Baba," ta ce. "Amma ranar da ka ji kuka a sama, ka kunna injin nan ka yanka ta huɗun. Ba zan sauko in yi maka faɗa ba."