Kwalin Ƙasa

Ɗigon ya faɗo a bayan hannunta lokacin da take sauke robar ƙarin ruwa daga ƙusar bango. Ba da niyya ba Malama ta lasa. Salam, kamar ruwan famfo.

Ta tsaya cak. Shekara shida tana koya wa 'yan sakandare wannan darasi. Kowace ƙwayar jini tana da 'yar fata siririya da ruwa ke ratsawa. Idan gishirin waje ya yi daidai da na ciki, sai a zauna lafiya. Idan kuwa ruwa ne zalla, sai ya yi ta kutsawa ciki, ƙwayar ta kumbura har ta fashe. Shi ya sa ruwan da ke cikin irin wannan roba yake da ɗanɗanon hawaye.

Ta dubi Baba a kan katifa. Tun hantsi fitsarinsa ya koma kalar shayi. Roba ta uku ke nan, duk daga shagon maganin yayanta. Ta ɗaga ta wajen hasken taga, sai ga ɗan tabon gam a gefen bakin robar.

* * *

Sai da aka ba Baba gado a asibiti sannan ta nufi shagon. Ta ajiye robar a kan kantar shagon.

"Yaya, lasa."

"Farfesa, yau kuma ni za a koya wa karatu?" Ya yi dariya. Da idonsa ya sauka kan tabon, dariyar ta maƙale. "Wa ya ɗauko wannan?"

"Matarka. Kai ka ce ta ɗauka a kwali."

"Kwalin sama na ce mata. Wallahi na sama na ce. Na ƙasa ai na..."

"Na wa?"

Ya hau goge kantar da tsumma, alhali babu ƙura.

"Tafasasshe ne fa. Da kaina nake tafasawa, in tace. Ruwa ai ruwa ne."

"Likita ya ce ƙodar Baba ta taɓu. Na ƙasa na iyayen wa, Yaya?"

Ya ci gaba da goge kantar. Wannan hannun ne ya riƙe nata ranar da aka fara kai ta makaranta.

Wani dattijo ya yi sallama, yana haki.

"Ɗana, roba biyu ta ƙarin ruwa. Gudawa ta galabaitar da jikata."

Kafin Yaya ya tuna da wadda ke tsaye a gabansa, ya riga ya sunkuya wajen kwalin ƙasa.